Maccido Tela da Igiyar Awo

Idan aka tashi lissafa 'yan bokon Illela na farko, babu mai sa Maccido a ciki, kuma abin nan yana ba ni haushi har yau. Za a ambaci hedimasta, a ambaci malamin asibiti, a ambaci malamin haraji, har da wani da ban san abin da ya tsinana wa garin ba in ban da jera alƙalami uku a aljihun gaba. Amma Maccido? Ai tela ne. To, ni Ma'aruf ɗan Attahiru na ƙauyen Araba, da na shafe shekara talatin da ɗoriya ina koyar da 'ya'yan mutane, ba don telan nan ba da ban taɓa riƙe alli ba. Sandar kora jakai zan gada, kuma ba na jin zan iya ta kamar mahaifina.

Maccido mutumin Amarawa ne, gajere, mai faɗin kafaɗa, ya ɗan ranƙwafa saboda daɗewa a kan keken ɗinki. Kullum da allura soke a hularsa, har sahun salla da ita yake shiga, shi ya sa na kusa da shi ba ya sakin jiki. Ya shiga makaranta a zamanin da boko kamu ne: a ce kowane ƙauye ya ba da yaro, mai gari ya duba gidan da ba za a yi masa gardama ba, ya nuna. Sai aka yi dace yaron yana da kai. Ya gama elementare, aka tura shi Midil a Sakkwato, ya yi shekara biyu yana cikin na gaba-gaba a aji, rana ɗaya ya ɗaure tsummokaransa ya taho gida da ƙafa. Ba wanda ya kore shi, bai kuma gaya wa kowa dalili ba. Daga nan ya tsallaka Kwanni, ya zauna hannun wani tela shekara shida, ya dawo da tsohon keke ɗaure a bayan jaki, ya kafa rumfa a bakin kasuwar Illela.

A ɗinki ba a kushe shi. A alkawari kuwa, Allah ya jiƙansa, tela ne na gaske. In ya ce maka gobe, ka tambaye shi goben wace Salla. Akwai mutumin da ya kai masa yadin rigar angonci, ya karɓi rigar ranar sunan ɗansa. Amma ba a iya fushi da shi ya daɗe, don rumfarsa ce gidan waya, ita ce kuma rediyon gari. Shi yake rubuta wa mutane wasiƙa, shi yake karanta musu wadda aka aiko, in jarida ta iso bayan kwana goma shi yake karanta ta da ƙarfi, ƙafa tana taka keke, baki yana ba da labarin Kaduna.

Shekarar da aka samu mulkin kai, 'yan bokon garin su bakwai suka ce lokaci ya yi da za su yi wani abu. Gwamnati tana ɗaukar abinci da karatun yaron da ya ci jarrabawar kwaleji, amma ba ta kai shi can. Takardar da ake aikowa takan zo da jerin kaya: akwati, bargo, takalmi, kwano, tufafi, ga kuɗin mota. A gidan da aka saba da boko wannan ba wani abu ba ne. A gidan da ba a taɓa yi ba, takardar kan kwana a cikin jinka har gara ta cinye ta. Sai suka yanke cewa duk yaron da ya zama na farko a gidansu, su tsofaffin 'yan makaranta za su haɗa masa kayan tafiya, kowa da abin da ya sawwaƙa. Suna zama ranar Lahadi bayan la'asar, in kasuwa ta fara watsewa, a rumfar Maccido. Mutanen gari suka sa musu suna majalisar masu alƙalami.

Gaskiya ita ce don rumfar aka sa Maccido a ciki. Yana da benci biyu da inuwa. Wasu daga cikinsu a bayan idonsa sukan ce masa rabin malami, tunda bai gama ba, kuma ya sani. Bai taɓa nuna ya ji ba. Gudummawarsa ɗinki ce kyauta, kuma abin mamaki, ɗinkin 'yan makaranta kaɗai ne bai taɓa saɓa ranarsa ba.

Shugaban majalisar Malam Hamidu ne, hedimastanmu, dogo, mai tsabta, mai son doka kamar shi ya haife ta. Ba mugu ba ne, shi ya fi kowa zuba kuɗi. Sai dai an taɓa cin amanarsu. Yaro na biyu da suka shirya ɗan ƙauyen Garu ne. Suka haɗa masa komai, ya tafi, kaka tana yi uban ya bi shi har makaranta ya ɗauko shi yankan gero, bai kuma mayar da shi ba. Akwatin ƙarfen da suka saya ya zama ma'ajiyar kwanonin uwar yaron. Wanda maciji ya sara, in ya ga tsumma sai ya yi tsalle. Tun daga ranar Malam Hamidu ya kafa sharaɗi: dole uban yaro ya zo gaban majalisa, ya ambaci ɗansa, ya ce ya yarda ya tafi, ba zai kuma ɗauko shi ba sai ya gama. Sharaɗi ne mai kyau, kuma yara uku sun wuce ta kansa lafiya. Ba wanda ya lura cewa a cikin ukun babu ɗan fari.

Ni kuwa ɗan fari ne. Wanda ya tashi a wajenmu ya san abin da wannan ke nufi. Uba ba ya kiran sunan ɗansa na fari, ba ya yabonsa, ba ya tambayar lafiyarsa a gaban mutane, ba ya shiga maganarsa. Kunya ce, kuma a gidanmu da ke da jinin Fulani ta fi ta ko'ina nauyi. Kakata Kaltume ce ta raine ni, ita ce mai kiran sunana, da ta rasu sai na zama "yaron ga". Mahaifina mai jakai ne, yana yi wa 'yan kasuwa dakon kanwa da albasa tsakanin Illela da Kwanni. Na sha jin yana hira da jakansa, kowanne da sunansa, ni kuwa in zai aike ni sai ya dubi bango ya ce a kai wa wane igiya. Na san al'ada ce. Sanin bai hana abin ci mini rai ba.

A ƙarshen shekarar 1962 takarda ta zo cewa na samu shiga kwalejin horon malamai a Katsina. Malam Hamidu ya kira ni, ya yi mini barka, ya ce sauran mako uku. Motar da ke zuwa Sakkwato tana tashi ranar Litinin, kuma a Litinin ta uku ko dai ni in shiga motar, ko wasiƙarsa ta shiga, wadda za ta ce a ba wani gurbina.

Na je gida na durƙusa nesa da mahaifina yana gyaran mangala. Na ce, "Baba, malamai na biɗar ka ran Lahadi, rumhwar Maccido."

Bai ɗago ba. Ya ce wa mangalar, "An jiya."

Lahadin farko yana cikin kasuwa wuni guda. Ina zaune a gefen rumfar na ga ya wuce sau biyu, bai ko waiwayo ba. Lahadi ta biyu ya zo. Ya cire takalmi, ya zauna a ƙasa can bakin inuwa, aka gaisa, aka tambayi gida da dabbobi. Sai Malam Hamidu ya gyara zama ya ce, "To, Attahiru, mi ka tahe da kai?"

Ya ce, "Gaisuwa na kawo."

"Mun gode. Yaron ga da ka zamne can, wane na? Hwaɗi sunanai, ka ce ka yarda shi tahi."

Mahaifina ya dubi ƙasa. Ya ɗauki wani ɗan tsinke yana juya shi. Mutum bakwai suna jira, har da masu wucewa da suka tsaya kallo. Can ya ce, "Ai kun san shi." Ya miƙe, ya sa takalminsa, ya ce a tashi lafiya.

Malam Hamidu ya girgiza kai. Ya ce shi ya san irin wannan, haka uban ɗan Garu zai yi da an tambaye shi. Malamin asibiti ya ce a duba, wataƙila kunyar ɗan fari ce. Malam Hamidu ya ce an samu mulkin kai, in mutum zai iya jefa ƙuri'a zai iya faɗin sunan ɗansa, kuma shi ba zai sake saya wa wata tsohuwa akwatin kwanoni ba. Aka ba mahaifina Lahadi ɗaya. Maccido kuwa yana ta datse zare da haƙori.

Ranar Laraba na kasa zama a gida, na taka har Illela. Na tarar da Maccido shi kaɗai. Ban yi niyyar magana ba, amma da ya ce mini, "Ɗan Araba, mi ya hwaru hankalinka ba shi jikinka?" sai abin ya ɓalle. Na ce mahaifina ba ya ƙaunata, jakansa sun fi ni daraja a wurinsa, kuma in motar nan ta tafi ba da ni ba, zan tsallaka iyaka, ba za a sake ganina ba. Na yi kuka, ƙato da ni, a bakin kasuwa.

Ya tsayar da keken. Ya bari na gama, sannan ya ce in zauna, zai gaya mini abin da bai taɓa gaya wa masu alƙalami ba.

Ya ce shi ma ɗan fari ne. Shekara biyu da ya yi a Midil, iyayen yara sukan zo, ko su aiko da ƙuli-ƙuli da gaisuwa. Nasa uban ko saƙo. In ya zo hutu ya miƙa takardar sakamako, uban ya karɓa ya soke a jinka, bai ce madalla ba. Sai ya ƙudurta a ransa cewa tsohon yana fushi da bokon ne, yana kuma fushi da shi. Don ya faranta masa rai ya gudo. Ya shigo gida da kumburarrun ƙafafu, uban ya dube shi sau ɗaya, ya ci gaba da tufkar igiyarsa.

"Na ce to, ga shi ya samu abin da shika so," in ji Maccido. "Sai bayan da yar rasu, goggona ta hwaɗa min. Ashe takardun nan, ɗauka shikai shi tahi har Gwadabawa da ƙahwa, shi samu mai karatu shi karanta mai, don can ba a san ɗan hwarinai ni ke ba. In an ƙare shi ce a sake. Kuma randa nid dawo, kwana biyu bai sa komi bakinai ba."

Ya zare allurar hularsa ya mayar. Ya ce, "Da ya buɗa baki ya ce koma, da na koma. Da ni ma na tambaya. Dut mu biyu munka yi kunya, ga ni nan ina taka keke."

Sannan ya tsura wa kafaɗuna ido, irin kallon da tela ke yi wa mutum, har na tsargu. Ya ce in tashi tsaye. Na tashi. Ya ce in juya. Na juya. Ya ce in tafi gida, in zo ranar Lahadi, kada kuma in kuskura in tsallaka ko'ina.

Lahadi ta uku mahaifina bai ma shigo kasuwa ba. Majalisa ta zauna, Malam Hamidu ya fito da wasiƙar da ya riga ya rubuta, ya ce shi ma abin bai yi masa daɗi ba, don ni ɗalibinsa ne, amma doka doka ce. Yana shirin karantawa Maccido ya yi gyaran murya. A iya sanina bai taɓa magana a zaman nan ba sai in an tambaye shi yadi nawa zai isa.

Ya ce, "Malam, ku ba rabin malami rabin minti."

Aka yi 'yar dariyar jin nauyi. Ya sunkuya ƙarƙashin keke ya jawo ƙunshi, ya kwance. Riguna biyu ne farare da wanduna biyu na kaki, an ɗinke, an goge. A kansu akwai wata igiyar rama mai ƙulle-ƙulle.

Ya ce washegarin ranar da takardata ta zo, wani mutum ya shigo rumfar da sassafe da yadi a hammata, ya ce a ɗinka tufafi irin na 'yan makarantar nesa. Da sefa ma ya biya, kuɗin Kwanni, ko canji bai tsaya yi ba. Aka ce na wa? Ya ce na wani baƙo ne. Aka ce to baƙon ya zo a auna shi. Ya ce baƙon ba ya zuwa. Kwana biyu sai ga shi da igiyar nan, ya ce ga awon, ya kuma sa Maccido ya yi alkawarin ba zai faɗi sunansa ba.

"Kun san alkawarin tela," in ji Maccido, "amma wanga ina cika shi. Bakina ba shi hwaɗin kowa. Igiya kau ba ta yi ma kowa alkawari ba. Ɗan Araba, taso."

Na taso. Ya ɗora bakin igiyar a kafaɗata ta hagu, ya ja zuwa ta dama, ƙulli na farko ya faɗa daidai kan ƙashin. Ya sa a kafaɗa ya ja zuwa wuyan hannu, ƙulli na biyu ya zauna. Ya zagaya ƙuguna, na uku. Ni kuwa sai a lokacin na tuna cewa makonni biyu da suka wuce na wanke tufafina na shanya a danga, na dawo na tarar an juya su ba yadda na bar su ba, har na yi wa ƙannena faɗa.

Malamin asibiti ya karɓi igiyar ya duba, ya kai hanci. Ya ce, "Ƙullin mangala na, kuma kanwa taka wari." Ba wanda ya ambaci suna. Ba a bukata.

Maccido ya karɓe ta, ya durƙusa, ya auna daga ƙuguna zuwa idon sawu. Ƙulli ya faɗa daidai. Amma a ƙasansa, kamar faɗin yatsu huɗu, akwai wani ƙullin da ya sauka har ƙasa.

Malam Hamidu ya ce, "To ga shi nan, wanga bai yi daidai ba."

Maccido ya ce, "Ni ma haka nic ce. Na tambayi mai igiya, wanga na mi? Yac ce baƙon daɗewa za shi yi can, shekara biyar anka ce. A naɗe ƙahwar wandon daga ciki, in ya ƙara tsawo shi kwance." Ya ɗaga wandon ya juya ƙafar, ga naɗin nan, yatsu huɗu. "Malam, wanda za shi ɗauko ɗa da kaka ba shi barin wuri ga wando."

Ban san sanda hawaye suka zubo mini ba. Shekara goma sha bakwai ina jiran kalma ɗaya daga bakin mutumin nan, ashe yana can yana lissafin tsawon da zan ƙara.

Malam Hamidu ya daɗe yana kallon wandon. Na tabbata ya gamsu, amma mutum ne da in ya hau doka saukowa take yi masa wuya, balle a gaban tela. Ya ce, "Na gani. Amma igiya ba baki ba ta. Mun ce uba shi ambaci ɗanai. Mi a wuya ga hwaɗin suna?"

Maccido ya ce, "Gaskiya ne, Malam, babu wuya. Ɗiyar nan taka ta aji biyu, babbar, mi a sunanta? Ina son in rubuta ga rigar Sallarta."

Malam Hamidu ya buɗe baki. Ya rufe. Ya yi tari. Ya ce, "Ai ka san ta."

Malamin asibiti ne ya fara tuntsirewa, sauran suka bi. Duk garin an san Lubabatu ce 'yar farinsa, an kuma san cewa tun da aka sa ta makaranta, in hedimasta ya zo kiran suna a ajinsu sai wani aiki ya taso masa a ofis, ya miƙa wa ƙaramin malami rajista. Laifi tudu ne. Shi dai bai taɓa haɗa nasa da na mahaifina ba, don nasa a wurinsa ladabi ne, na mai jakai kuwa duhun kai.

Ya cire tabarau ya goge, shi ma dariyar ta ci ƙarfinsa. Ya ninke wasiƙar ya tura aljihu. Ya ce, "Tela, kai mugu na. Allah ya isa tsakanina da kai." Sannan ya ce daga yau in yaro ɗan fari ne, baffa ko kawu ko maƙwabci ya isa ya tsaya masa. Ya dube ni ya ce, "Kai kau mi kaka jira? Ɗauki akwatinka."

A nan take aka haɗa. Akwatin daga hedimasta, bargo daga malamin asibiti, takalmi daga malamin haraji, sun yi mini yawa amma na ce daidai ne. Mai alƙalami uku ma, don kada in ci haƙƙinsa, ya zare ɗaya ya ba ni. Maccido ya ƙara mini riga ta uku daga ragowar yadin wani Alhaji da bai san ya yi sadaka ba.

Bayan ni yara da yawa sun bi ta rumfar nan, maza da farko, daga baya har mata. Da muka fara aiki mu ma muka shiga majalisar, aka ƙara benci. Maccido bai taɓa zama shugaba ba, bai taɓa zama ma'aji ba, sunansa ba ya cikin kowace takarda. Aikinsa shi ne in uban yaro ya yi shiru, shi ake turawa ya gano irin shirun. Yakan dawo ya ce wannan ƙi ne, ko wannan tsoro ne, ko wannan kunya ce, kuma ban san ranar da ya yi kuskure ba. Ya rasu idonsa ya riga ya daina ganin kafar allura, a gidansa na Amarawa, ba shi da komai sai keken nan da 'ya'ya mata huɗu, duka huɗun sun yi makaranta.

Safiyar Litinin ɗin kuwa, na fito daga gida ban ga mahaifina ba. Ƙannena suka ce tun asuba ya kora jakai. Innata ta aiko ƙanwata da ƙullin fura, ita ma ba ta fito ba. Na san dalili yanzu, amma duk da haka a tasha idona yana ta yawo cikin mutane. Babu shi.

Maccido ya ce zarensa ya ƙare, zai bi mu Sakkwato ya sayo. Ni kuwa na ga zare cike da kwando a rumfarsa jiya. Muka hau bayan motar, muka zauna a kan buhunan albasa, akwatina tsakanin ƙafafuna. Mota ta kama hanyar kudu.

Mun yi tafiyar kamar mil huɗu sai na hango jakai uku a gefen hanya, babu kaya a bayansu. Hanyar mahaifina arewa take, wajen Kwanni. Babu kasuwar da ke ci ranar Litinin ta wannan ɓangaren, babu gonarmu, babu danginmu. Yana tsaye ya ba titi baya, ya ɗaga ƙafar jaki ɗaya yana dubawa, kamar duk duniya ba abin da ya dame shi sai kofaton nan.

Na yunƙura zan miƙe, bakina ya buɗe. Maccido ya danne mini gwiwa da hannu.

Ya ce, "A'a. Ya yi tahiyar mil huɗu don shi ɓoye. Kak ka tona shi. Sadda kanka."

Na sunkuyar da kai. Maccido ya miƙe tsaye a kan buhunan, yana riƙe da ƙarfen motar, ya ɗaga murya yadda duk wanda ke cikin motar zai ji.

"Attahiru! Barka da aiki! Mun wuce Sakkwato, ni da baƙonka! Tuhwahin sun yi mai daidai!"

Ta ƙasan ido na ga mahaifina ya saki ƙafar jakin. Bai juyo ba. Ya ɗaga sandarsa sama, ya riƙe ta a haka, bai sauke ba har muka sha kwana.